Furen Takalmi a Bayan Ɗakin Inji

Wurno, bayan ƙaramar Sallah, 1954

Zuwa ga Yaya Turai, a Goronyo.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Attahiru da yara. Ki gaishe mini da Inna, ko da da kai kawai za ta amsa kamar yadda ta saba.

Bayan haka, Yaya, na sami abin da zan nuna mata. Kin san tun da na dawo daga yaƙin Turawa a ƙasar Bama ba tare da ƙanenmu Isa ba, Inna ta ƙi yarda ya rasu. Ta hana a yi masa sadaka, tana share ɗakinsa, ta ce wanda ya ce ya rufe shi ya kawo mata abin da ya gani a wurin. Da hannuna na rufe shi a gindin wani dutse, inda wani fure ya cika ko'ina, mai aljihu kamar takalmin jariri. Turawa na ce masa okid, mu sojoji muna ce masa furen takalmi. Abin da ke cin raina, Isa na kwance duk shekarun nan babu addu'ar uwarsa.

To, Baturen gona da nake kula wa injin ban-ruwa shi ma ya yi Bama. Da zai koma gida ya bar mini 'ya'yan furen da aka aiko masa cikin kwalba, kowanne bai fi farce ba. Ba sa son ƙasa. Gawayi da ɓawon itace na daddatsa musu cikin 'yan kasake. Ranar Wurno kuwa kashe su za ta yi, shi ya sa suna sito bayan ɗakin inji, ƙarƙashin doguwar fitilar lantarki da na rataya kamu ɗaya bisa kansu. In kunna da asuba, in kashe bayan isha'i. Na sa jiƙaƙƙun buhuna a taga, ruwan sama da na tara kaɗai nake ba su. Nan da shekara uku ko huɗu za su yi fure, da yardar Allah. Ni da na raya alfadarai a dajin Bama, ganye ba zai gagare ni ba.

Haza wassalam.
Ƙanenki, Maccido.

*

Goronyo

Zuwa ga Maccido, sajan ganye.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, duk muna lafiya. Malamin da ya karanta mini takardarka sai da ya tsaya ya yi dariya, wai mutane na nema wa shuka rana, kai kana ɓoye ta kana kunna mata fitila.

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Mi za ni yi da haki? Ɗana nic ce a kawo man." Daga nan ta ci gaba da tsince wakenta.

Ba don in kashe maka gwiwa ba, amma kai da ke nesa ba ka san yanar ido ta cinye mata na hagu ba, na dama ma ya fara. Shekara huɗun nan naka, ka auna su da idon Inna. Tsoro nake ji, kuma na faɗa maka ne don babu wanda zan faɗa wa.

Attahiru zai zo kasuwar Wurno neman irin albasa, wurinka zai sauka. Ya ce zai duba maka su, wai duk abin da ke da saiwa ɗan'uwan albasa ne.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Turai.

*

Wurno

Daga Attahiru manomin albasa, zuwa ga ƙanen matata Maccido, a Rabah.

Gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da so da yarda da aminci. Amma bayan haka, ina fatan injin Rabah da aka tura ka gyarawa ya ji magana. Mabuɗin da ka bar mini yana aljihuna, amanarka kuma na riƙe ta fiye da yadda ka roƙa.

Ka ce in kunna fitila in kashe, kada in taɓa komai. Da na duba, tausayi ya kama ni. Wace irin rowa ce a ɗora shuka kan gawayi? Gasa su za ka yi? Na sa an ɗebo mini baƙar ƙasar fadama, na haɗa da kashin awaki, na ja musu fangali a bayan sito. Na datse musu kan ganye kamar yadda kowane mai hankali ke yi wa dashen albasa, na sakar musu ruwa har ya kwanta. Yanzu suna shan rana kamar 'ya'yan mutane.

Guda biyu na bari kan gawayinka ƙarƙashin fitila, don in ka dawo ka ga bambanci da idonka. Ba sai ka gode ba, goro ya isa.

Allah ya dawo da kai lafiya. Wassalam.

*

Wurno

Yaya Turai,

Ina gaisuwa. Na dawo, na ga bambanci. Na fangali duk sun narke, ko saiwa ban tsinta ba. Mijinki ya tsaya kansu riƙe da hula yana cewa, "Wallahi albasa da ta tashi." Na so in yi faɗa, na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na bar shi. Kada ki tsananta masa. Abin da hannunsa ya iya ke nan, kuma da shi yake ciyar da ku.

Cikin biyun da ya bari, ɗaya ruwa ya kwana masa a tsakiya ya ruɓe. Ɗayan yana nan da ransa, har ya fitar da sabon ganye mai zane irin na zabo. Wannan zai yi fure, ko shakka ba na yi. Amma na auna da idon Inna kamar yadda kika ce, ba zan jira ba. Ba ni da halin kai shi Goronyo, babu fitila, hanya ma za ta kashe shi. Ki lallashe ta ku hau motar albasa ranar kasuwa. Ganye ne kawai, amma shi ne abin da ke kan Isa.

Allah ya ba ki sa'arta.
Maccido.

*

Goronyo

Maccido,

Bayan gaisuwa, mun iso lafiya. Na ga fuskarka lokacin da Inna ta shafa ganyen, ta zauna tana kallon kana ɗiga masa ruwa da cokali, ta tashi kawai ta nufi mota. Na san ka ɗauka aikin banza ka yi.

Muka kamo hanyar gida har muka wuce Marnona. Can sai ta ce, "Ni ban ga komi ga ganyen ga ba. Hannunshi nig gani. Wanda ka yi ma haki hakanga, ba shi barin ƙanenshi a fili."

Jiya ta rufe ɗakin Isa, ta ba ni gero in jiƙa na gumba. Ranar Juma'a za a yi sadaka, an gaya wa liman. Ta yi kuka, ni ma na yi, amma ta ci abinci.

Ka nemi izini ka zo tun Alhamis. Ta ce ka zo ka zauna kusa da ita, ka gaya mata ko ka sami ruwan da ka yi masa wanka.

Sai mun gan ka.
Turai.