Ramin da Ya Buɗe a Unguwar Marrick Downs

Daga:
Glenys Maddigan,
Fuloti na 41, Layin Ironbark,
Unguwar Marrick Downs, Ipswich.

11 ga Maris, 2024

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Kare Haƙƙin Masu Sayen Filaye,
Brisbane.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƁOYE MANA HALIN DA ƘASA TAKE CIKI A FULOTIN DA KAMFANIN BRACKENBY YA SAYAR MANA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana a gaban ofishinka. Ni tsohuwar mai dafa abinci ce a makarantar firamare, na yi ritaya. Mijina Vernon direban bas ne a da. Shekara huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi a kan keken guragu, kuma ni kaɗai nake jinyarsa. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, don haka a yi mini afuwa idan na kauce wa tsari.

1. Ranar 14 ga Agusta, 2021, muka sayi fuloti na 41 daga hannun wakilin kamfanin, Mista Craig Ollerenshaw. Abin da ya kai mu can shi ne filin shimfiɗaɗɗe ne, za a iya gina gida babu matakala ko ɗaya, keken Vernon ya shiga ko'ina. Kafin mu sa hannu an ba mu takardar bayanin da doka ta ce mai sayarwa ya ba mai saye. Na karanta ta da kaina, lauyanmu ma ya karanta. Akwai girman fili, akwai hanyar ruwa da ta lantarki, har da irin launin da aka yarda a yi wa rufi. Babu kalma ɗaya a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Muka sayar da tsohon gidanmu, muka yi gini, muka tare a watan Nuwamba na 2022.

2. Ranar Talata 20 ga Fabrairu na bana, da hantsi, bayan ruwan da aka kwana biyu ana yi, ina shanya a bayan gida sai na ji ƙasa ta motsa a tafin ƙafata, kamar babbar mota ta wuce. Babu motar da ta wuce. Da na leƙa ta kan shinge, sai na ga lilon yaran maƙwabcinmu, Mista Sione Fifita, ya karkace yana nutsewa a hankali, ciyawa na binsa. Kafin in gama kiran matarsa Mele, lilon ya ɓace. Ramin da ya bari zai haɗiye mota, kuma ba a hango ƙarshensa. Yaran suna makaranta. Na sha nanata wa kaina wannan magana, Ranka ya daɗe, amma har yau ba ta sa hankalina ya kwanta ba, domin ranar Lahadi, kwana biyu kafin abin ya faru, su uku ne a kan lilon nan.

3. Injiniyoyin ƙaramar hukuma sun zo a ranar, suka kewaye wurin da igiya. Sun shaida mana cewa akwai tsofaffin hanyoyin haƙar kwal a ƙarƙashin unguwar, kuma ba su san iyakacin inda suka bi ba tukuna. Iyalin Fifita sun koma gidan ɗan'uwansu. Mele ta roƙe ni in bi su, ta ce za a matsa a yi mana wuri a falo. Na gode mata, amma gidan bene ne.

4. Ranar Alhamis 29 ga Fabrairu na je ofishin kamfanin da ke bakin unguwa. Mista Ollerenshaw ya karɓe ni da fara'a, ya haɗa mini shayi, yana kirana da sunana kamar mun tashi tare. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya faɗi maganar da na rubuta nan take da na koma mota, don kada in rage ko in ƙara. Ya ce: "Haba Glenys, ki kwantar da hankalinki. Layinku ai mun ɗura masa siminti tun kafin a yanka filayen. Can wajen su Sione ne bututun simintin bai kai ba." Na tambaye shi, ashe kun sani? Ya ajiye kofinsa, ya ce gara in yi magana da lauyoyinsu.

Ranka ya daɗe, shinge ɗaya ne tsakanina da su Sione.

5. Tun daga ranar, ga halin da muke ciki. Bangon ɗakin wanka ya tsage daga taga zuwa ƙasa, ɗan yatsana yana shiga. Ƙofar baya ta daina rufuwa. Idan na saki keken Vernon a tsakiyar kicin ban taka birki ba, yana gangarawa da kansa ya nufi gabas, wajen ramin. Shi ya mayar da abin wasa, yana cewa ya samu sabon direba. Amma na ga yadda yake damƙe hannun keken. Na mayar da gadonsa kusa da ƙofar gaba, na gwada fitar da shi da sauri ni kaɗai, na kasa. Ɗaga shi daga gado zuwa keke sai da na'ura, na'urar kuwa ba ta san gaggawa ba. Ba na iya zuwa kanti in bar shi. Kamfanin inshora ya ce yana nazari. Wanda zai sayi gidan kuwa, ko da akwai shi, ba zan iya kallon idonsa in sayar masa ba.

6. Abin da ya sa na kasa jiran lauya na rubuto da kaina shi ne kamfanin ya kafa alluna cewa ranar Asabar 23 ga Maris zai buɗe sayar da sababbin fulotai a gangaren da ke bayanmu, za a gasa tsiran alade kyauta, a raba wa yara balan-balan. Na karɓi takardar bayanin waɗannan fulotai a hannun wata mai juna biyu da na tarar tana auna fili da taku. Irin tamu ce sak. Na faɗa mata abin da na sani. Ta yi mini kallon tsohuwar da ta fara ruɗewa, ta yi godiya, ta shiga motarta.

Saboda haka, cikin ladabi, nake roƙon ofishinka da ya dakatar da cinikin ranar 23 ga wata har sai an bayyana wa masu saye gaskiyar ƙasar. Ina roƙo a tilasta wa kamfanin ya fito da sakamakon duk wani haƙan gwajin ƙasa da ya yi, a nuna mana inda simintin ya tsaya. Ina kuma roƙo a sa shi ya nema mana masauki marar matakala, kafin ruwan da ake hasashe a ƙarshen wata ya sauka. Maganar diyya na bar ta ga doka, ba ita ce a gabana yanzu ba.

A shirye nake in maimaita duk abin da na rubuta bisa rantsuwa. Idan za a turo jami'i ya gani da idonsa, ina roƙo a gaya masa ya ajiye motarsa a bakin babban titi, ya ƙaraso da ƙafa. Ban san nauyin da ƙasar ƙofar gidana za ta iya ɗauka ba.

Ka huta lafiya, Ranka ya daɗe.

Taka mai biyayya,

Glenys Maddigan
(a madadina da mijina, Vernon Maddigan, wanda hannunsa ba ya iya riƙe alƙalami)