Ramata Ba Ciwo Ba Ce

Nicholas,

Gaisuwa cikin sunan Yesu, ko da yake ba ka cancanta ba. Yaya ƙafar Mama? Yaya mutanen Unguwar Romi?

Wa ya aike ka ka kai hotona Zumuntar Mata a yi min addu'a? Yanzu maman Debby ta ce ba za ta ba ƙwarangwal 'yarta ba.

To buɗe kunnenka, baƙauye. Abin da nake yi sunansa kito, manyan mutane a nan Doha ke yin sa. In mutum ya bar shinkafa da burodi, sugan jiki ya ƙare, sai hanta ta narka kitse jiki ya ƙona, kamar mashin ya shiga rizab. Ɗan warin baki ne kawai, da jiri in na hau bene da bulo. E, kamfani ya daina ba mu abinci, ƙwai da kabeji nake samu, amma dama tsarin ke nan.

Ka je unguwar Television wajen maman Debby yau ka gyara ɓarnarka. Ka nuna mata hoton Kirsimetin bara, mai tumbin nan, ka ce na jiya ne. In auren nan ya fashe, kai za ka aure ni.

Allah ya shirye ka.

Yayanka,
Wilfred