Muryar Baba Ta Maƙale a Cikin Na'ura

Birnin Ƙonni, Maris 2009

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hamdiyya da yara, cikin sanyin nan naku na Liyon ta Faransa. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ƙafar ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa, maigidana Sumaila kuma yana nan da lakwal ɗinsa, kullum yana makaranta.

Yaya, ordinatar ɗin da ka aiko mana, kwamfutar nan, ta mutu, kuma muryar marigayi Baba tana ciki. Ka tuna hirar da ka ɗauka a kaset, inda yake lissafa kakanninmu yana dariya, wadda ka juye a na'urar kafin rediyo ya cinye kaset ɗin. Ba mu da ita ko'ina sai can.

Abin ya faro ne daga Sumaila, da ya ga tana nawa ya kira abokinsa Ƙasimu mai gyara. Ƙasimu ya ce tana da hanyar tashi biyu, tsohuwa da sabuwa, wai UEFI, kuma sabuwar ta fi sauri. Ya juya ta can, ta ce ba ta ga komai a cikinta ba. Ya mayar tsohuwa, ta tashi sumul. Ni da a nan aka tsaya da na gode, amma ka san maza da na'ura. Ya ce sai an sabunta BIOS, wato ɗan karatun da take fara yi kafin ta farka, ya kuma ja mana kunne kada kuran, wato wutar lantarki, ya yanke, tunda batirin ya daɗe da mutuwa. Ya kunna, suka fita sallar la'asar, ni kuma ina madafa.

Ranar Laraba ce, kasuwa. Baffa Mahamudu ya iso daga Alela da jakar salular mutanen ƙauye, yadda ya saba, don a sa musu caji. Ya shiga ɗaki, ya ga firiz, wurin jona wuta a bango, ɗaya ce, ya zare wayar na'urar da ke jiki ya sa tasa. Da na shigo da ruwa na tarar allon ya yi baƙi, shi kuma ya miƙe ƙafa a tabarma, ya ce da ni: "Ɗiyata, kunna man Yaya in ji, yau da shi na kwana a rai." Na ce masa na'urar tana hutawa. Ta yaya zan dubi ƙanen ubana in ce shi ya kashe ta?

Ƙasimu ya kai ta har Sakkwato. Masu gyaran can sun ce faifan da ke ajiye abubuwa lafiyarsa lau, amma mutanen buro, ofishin da ka sayo ta, a kulle suka bar shi, ba ya buɗuwa a wata na'ura. Sun ce in tambaye ka ko kana da mabuɗin, da kuma ta wace hanya aka girka ta tun farko. Na rubuta yadda suka faɗa ne kawai, ban fahimci ko rabi ba. Kullum sai na danna maɓallin, fankar ta juya, shi ke nan. Wallahi kuka nake yi.

Don Allah ka bincika, ka kira lambar Sumaila. Baffa har yanzu bai san komai ba. Ya aiko cewa Laraba mai zuwa zai ɗauko Gwaggo Kulu a amalanke, ita da rabonta da muryar ƙanenta tun ranar da aka kai shi makwancinsa. An ce har ta ba da ɗinkin sabon zane.

Ka gaida Hamdiyya da Anwar da ƙaramar Balki. Inna tana sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Saratu