Na fitar da maganin Checheniya na sa naman layya

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karanta wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku ji ni har ƙarshe, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a nan Abuja, ina zaune a Jikwoyi da maigidana da mahaifiyata. Da hotunan yaƙin Checheniya suka cika talabijin, mu matan da muke ɗaukar karatu a masallacin unguwa muka kafa kwamiti don tara magani. Wata likita a cikinmu, Anti Dakta muke ce mata, ita ta samo ƙungiyar agajin da za ta kai kayan sansanin 'yan gudun hijira. Ta ce akwai masu ciwon suga a can, yara da tsofaffi, sun tsira daga harsashi amma rashin allurar insulin yana kashe su. Muka haɗa kwali huɗu. Sai maganar ajiya ta taso, don allurar ba ta son zafi. Wa ya ɗaga hannu? Ni mana, uwar iyayi! Na ce ina da ƙaton firij da janareto, a kawo. Gaskiya so nake a ce ni ce.

Maƙwabciyata Madam Rifkatu nas ce, 'yar Filato. Kirista ce, amma da ta ji labari ta kawo tata gudummawar, kuma ita ta taya ni jera kwalayen. Har ta ja mini kunne: "Maƙwabciya, wannan magani ba ya wasa fa. In ya sha zafi, ruwa kawai za ka soka wa mutum." Na ce haba Madam, kamar wata yarinya?

Sai Babbar Sallah ta zo. Maigida ya yanka rago, ga kuma kasonsa na bijimin da suka haɗa kuɗi suka saya da abokan ofis. Nama ko'ina, rana tana dukan tsakar gida, ƙudaje sun taru, shi kuma yana ta faɗa: "Wai firijin nan namu ne ko na kwamiti?" Na ce a raina awa biyu dai, ina gama suya zan mayar. Na kwashe kwalayen na kai sito, ɗakin nan mai rufin kwano da ko albasa ba ta daɗewa a ciki. Dangin miji suka sauko daga Masaka, ga suya, ga tuwo, ga rabon nama gida-gida. Wallahi tallahi sai a kwana na uku da na shiga siton ɗauko man gyaɗa na ga kwalayen. Na ɗora hannu a kwalin, ɗumi kamar burodin da aka fito da shi yanzu.

Kun san me na yi? Na mayar da su firij, na rufe, na ja bakina na yi shiru. Kwalaben ba su canja kama ba, wa zai gane? Na riƙa ce wa kaina ai Allah ne mai warkarwa. A mitin Anti Dakta ta miƙe ta yabe ni gaban mutane, ni kuma ina murmushi, ban ji kunyar Allah ba.

Shekaranjiya asirina ya kusa tonuwa. Inna, mahaifiyata, ita ma ciwon suga gare ta, Madam Rifkatu ke yi mata allura. Aka duba, tata ta ƙare. Madam ta ce, "Ba damuwa, mu ɗauki ɗaya a na kwamiti, gobe ki sayo ki mayar." Ta nufi firij. Ban san lokacin da na daka tsalle na tare ƙofar ba, ina ihu: "A'a! Kar ki taɓa!" Sai Inna ta ce, "Ƙyale ta, Rifkatu, amana ce. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, haka na tarbiyyantar da ke." Da ma mari ta zabga mini! Madam kuwa ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Maƙwabciya, lafiya dai ko?" Na zari mayafi na hau acaɓa, kantin magani uku na zaga kafin na samo wa Inna mai kyau.

Ran Alhamis mota za ta zo ɗaukar kayan zuwa filin jirgi. In na faɗa, da wane ido zan kalli matan nan? Akwai wadda ta sayar da 'yan kunnenta. Maigida bai sani ba, Inna ba ta sani ba, kuma jirgi ba zai jira a sake tarawa ba. In na yi shiru, wata mata a cikin tanti za ta yi bismillah ta soka wa ɗanta allurar nan, tana yi wa mutanen Najeriya addu'a, ta zauna jiran sauƙin da ba zai zo ba. Ni na tare ƙofa saboda uwata. Wa zai tare mata?

Kwana biyu suka rage. Don Allah ku faɗa mini, me zan yi?