Ki Zo Ki Roƙi Ɗiyarki

Kebbe,
Ta hannun gidan waya na Tambuwal,
Jihar Sakkwato.
Oktoba, 1978.

Zuwa ga Yayata Zahara'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Dikko da samarinki duka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya tsare ku daga sanyin Jos ɗin nan da kike ba mu labari, amin. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An yanke gero, dawa ta fara sunkuyar da kai. Na leƙa Tambuwal ranar kasuwa, na tarar ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana fita karatun zaure, Inna kuwa tana nan da mitarta, wai tun da kika koyi cin dankalin Turawa kika manta hanyar gida. Garin ya cika da sababbin babura, kowane malamin makaranta da nasa, akuyoyi sun rasa inda za su kwanta a bakin titi.

Littattafan da kika aiko mini sun iso, na gode. Na karance su har bangon ɗaya ya fita na ɗinke shi da zare. Kin san halina tun muna gida, in na samu labari sai tuwo ya ƙone. Amma Yaya, kwanan nan haushinsu nake ji. A cikinsu duk abin da ke zuciyar mutum sai ya faɗe shi, namiji ya tsaya gaban jama'a ya ce wannan tawa ce, kowa ya yi shiru. Ni kuma in na ajiye littafin na ɗaga kai, sai in ga gidan da magana ce sana'ar maigidan, amma maganar da ta fi kowace muhimmanci an rasa mai yin ta.

Kin tafi Jos kafin aikin Malam, maigidana, ya zama abin da ya zama yanzu, bari in bayyana miki. Da, allura da ƙwayoyi kawai yake bayarwa a ɗakin shan magani. Bayan shekarar sanƙarau, da ta bar yara da yawa kunnensu ya yi nauyi bakinsu ya ɗaure, sai gwamnati ta zaɓe shi ya je kwas ɗin koya wa irin waɗannan yara magana. Ya je ya dawo, aka sake tura shi wani na ƙarin sani, ya sake dawowa da takardar shaida da rikoda mai kaset da akwatin kayan aiki. Yanzu likitan magana ake ce masa. Daga Jabo, daga Sanyinna, har daga ƙauyukan bayan gulbi ake goyo masa yara a kan babur. Da la'asar yana shimfiɗa tabarma a zaure, ya zaunar da yaro gabansa gwiwa da gwiwa. Ya riƙe masa madubi ya ga yadda leɓe ke haɗuwa, ya sa shi hura gashin zabo a tafin hannu, ya kama hannun yaron ya ɗora a maƙogwaronsa don ya ji yadda murya ke rawa a ciki. Wallahi Yaya ya iya. Ɗan Ɗangiwa na Sanyinna da aka kawo ba ya cewa ko ruwa, yanzu har rashin kunya yake yi wa uwarsa, ita kuwa tana murna tana ba mutane labari.

To ɗiyarki da na haifa miki fa? Ba ki manta ita ma sanƙarau ɗin ya taɓa ta ba. Allah ya bar mana ita, kunnen dama yana ji kaɗan, amma maganar da ta fara ta koma. Tana cikin shekara ta shida, abin da ke fita bakinta ni kaɗai ke ganewa. Kuma ita ce yarinya ɗaya a ƙasar Kebbe da likitan magana ba zai zaunar gabansa ba, saboda ɗiyar fari ce. Ba sai na koya miki wannan ba, ke da har kika yi aure Baba bai taɓa kiran sunanki ba, sai dai ya ce a kira masa waccan. Gidan su Malam kuwa gidan malamai ne, kunyarsu ta ninka tamu. Bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, ba ya duban fuskarta in da wani a wurin, kuma gidan nan ba a rasa wani a wurin. Aikin nasa kuwa duk duban fuska ne da taɓa baki. Ni ma ban taɓa kiran sunanta ba, haka muka tashi muka gani, ban kuma taɓa jin abin ya yi mini ciwo ba sai bana.

Abin da ya karya mini zuciya ya faru ne da damina. Ɗiyarki takan laɓe bayan zana tana kallon abin da ake yi a zaure. Ran nan Malam ya shigo cikin gida ya zauna gaida Gwaggo, surukata, ƙanensa Lauwali na gefe yana cin gyaɗa. Sai ga yarinyar nan ta taho kai tsaye, ta ɗaga hannu ta ɗora a maƙogwaron ubanta, ta buɗe baki tana jira, daidai yadda ta ga ɗiyan mutane na yi. Yaya, na ga leɓensa ya motsa, saura kaɗan ya yi. Sai Lauwali ya fashe da dariya, ya ce lallai kwas ya yi kyau, ashe har da wanke kunya ake koyarwa, nan gaba sai mun ga Yaya ya goya ta da zane ya kai ta kasuwa. Gwaggo ma ta murmusa ta ce da yarinyar, ke tafi can, wa ya ce miki wannan ubanki ne, ga ubanki can Lauwali. Wasa ne irin na kullum, ba wanda ya nufi sharri. Malam ya cire hannun nan a hankali kamar mai cire ƙaya daga riga, ya tashi ya sa takalmi ya fita. Ita kuwa ta tsaya da baki buɗe. Tun ranar ba ta ƙara zuwa bayan zana ba.

Na gwada da kaina. Na ciro madubin kayan ɗakina, na samo gashin zabo, in an watse na rufe ƙofa mu zauna. Tana hurawa, tana dariya, amma daga nan ban san inda ake nufa ba. Abin da na tsinta ta ramin zana ba ilimi ba ne. Na tambayi Malam, ya yi mini bayani a tsaye yana duban bango, wai a fara da sautin da ake gani a leɓe kafin na cikin baki, amma ya ce sai mai aikin ya ji da kunnensa sannan ya san mataki na gaba. Kuma da kunnena na ji shi yana faɗa wa wani mutumin Jabo cewa kada ya yi jinkiri da ɗansa, harshen yaro kamar yumɓu ne, in ya wuce shekara bakwai ya fara bushewa. Ina bayan zana da tsintsiya a hannu ina lissafin shekarun tawa.

Watan jiya aka yi shelar ɗaukar yara makarantar boko kyauta. Na yi mata kitso, na sa mata kwalli, Lauwali ya kai ta. Aka ce ta ɗora hannu bisa kai ta taɓo kunne, ta taɓo sarai har da saura. Hedimasta ya tambaye ta sunanta. Ta yi ƙoƙari, yara suka yi dariya, ya ce a mai da ita gida sai bakinta ya buɗe. Lauwali ya ce mini Hedimasta ya ƙara da cewa abin mamaki, ɗiyar likitan magana. Ya faɗa mini ne yana sunkuyar da kai, ranar dai bai yi dariya ba.

Wannan ne ya tayar da Gwaggo. Kada ki ɗauka ba ta son yarinyar, a ɗakinta take kwana, ita ke ajiye mata ƙanzo. Amma ta yanke cewa linzami ne ya riƙe harshen, ta kuma yi magana da Sambo wanzami ya zo ya yanke bayan Babbar Sallah, in sanyi ya fara, don miki ya yi saurin warkewa. Yaya, ba linzami ba ne. Malam ya sani. Sau nawa na ji shi yana hana mutane, yana ce musu ciwon a kunne yake, aska ba ta kai can, yaron da aka yanka wa ƙarƙashin harshe tsoron buɗe baki yake ƙara yi. Amma da uwarsa ta faɗa a gabansa, sai ya ce Allah ya sa a dace. Mutumin da ya je kwas biyu! Tsaya wa ɗiyar fari a gaban mahaifiya, a wurinsu, ya fi yankan zafi. Ni kuma suruka ce, in na buɗe baki an ce ɗiyar Tambuwal mai karance-karance ta fara.

Ana cikin haka takarda ta zo, an sake zaɓen sa kwas na uku, wannan karon a garinku, zai yi watanni. Gida ya cika da barka, har da yanka zakara. Da na ji Jos, sai zuciyata ta tafi irin tafiyar da ta saba: ga ni a mota kusa da shi, ga duwatsu, ga ni da lema da takalmi mai tsini kamar matan cikin littafi. Ban kai ƙarshen mafarkin ba na tuna ba a zuwa da iyali, kuma ranar da Sambo zai zo da zabirarsa uban yarinyar yana can yana ƙaro ilimin gyaran bakin ɗiyan wasu. Sai dai a cikin hirarsa da abokai na tsinci abu ɗaya. Ya ce a wurin kwas ɗin akwai benci da iyaye ke kawo yara, masu koyo su yi ta aiki da su a gaban malamansu, kuma ba a korar kowa.

Ga roƙona, Yaya. Ke kika fara ɗaukar ta ranar da aka haife ta a ɗakin Inna, kika ce taki ce tunda Allah bai ba ki mace ba, Gwaggo kuma ta amsa ranar suna a gaban mata cewa in an yaye ki zo ki ɗauka. Kowa ya ɗauke shi zancen suna. Ina so ki mai da shi gaskiya. Ki zo Sallah gida, ki sa Baba ya aiko da goro, ki roƙi ɗiyarki riƙo. Gwaggo ba za ta iya hana Baba ba, kuma ba ta tashin maganar da ta yi gaban mutane. Kada ki ambaci wanzami, kada ki ambaci kwas. In kun isa Jos, ki ɗaura mata ɗankwali ki kai ta bencin nan ki ce ɗiyarki ce. A can ba Gwaggo, ba Lauwali, ba wanda ya san ta fari ce. Tunda ɗiyan mutane kaɗai ke samun sa, to ta zama ɗiyar mutane.

Na faɗa wa Malam jiya da la'asar ina jera masa kaya a akwati. A littafi da nan ne zai kama hannuna. Shi kuwa ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce in Yaya ta kawo wata yarinya wurin, ai aikinsu ne su duba ta. Wata yarinya. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce in gaya miki ki riƙa zuwa da hantsi kafin layi ya yi tsawo, kuma ki zaunar da ita ta yadda kunnen dama zai fuskanci mai magana. Ashe ya san wane kunne ne. Ban san ko in gode masa ko in yi kuka ba, sai na ci gaba da ninke riguna.

Na san abin da nake roƙo. Riƙo ba aro ba ne, in na ba ki ba ni da bakin cewa a dawo mini da ita. In Allah ya buɗe bakinta, ke za ta fara kira Inna, da Hausar Jos, ni kuwa sai dai a ba ni labari a takarda. Na yarda. Ki sani in ta ce "uwa" ruwa take so, ba ni ba. In ta dafa ciki ta ce "o" tuwo ne. Ba ta son a zo mata ta baya, tana firgita. Madubin yana cikin kayanta, ki bar mata.

Ki gaida Yaya Dikko da kyau, ki ce ina neman alfarmarsa a kan wannan. Ki gaida Hassan da Bube da auta Malami, ki ce musu ƙanwa na zuwa, duk wanda ya kwaikwayi maganarta ni da shi ne. Inna da Baba suna gaishe ku, ƙanwarmu Fadima ta ce a tuna miki alkawarin sarƙarta. Ki ba ni amsa ta hannun direban da ya kawo miki wannan, kada ki jira gidan waya, Sallah ta matso.

In an tambaye ta sunanta a bencin nan ba za ta iya faɗa ba tukuna, sai ki faɗa mata da ƙarfi, kusa da kunnen dama, a gaban Malam. Sunanta Atu. Ban taɓa rubuta shi ba sai yau.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki,
Kaltume.