Shaidar da Na Bayar Ranar Laraba

Zuwa ga kanarina mai zaƙin murya, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da nake sha bayan gajiyar zarto, matata wadda yau nake jin nauyin ɗaga ido in dube ta,

Na rubuta wannan takarda da manyan baƙaƙe, na bar fili tsakanin layi da layi yadda kika fi so. Kada ki ba kowa ya karanta miki, ko da Yayarki ce. Bi ta da yatsa a hankali, babu inda za ni. Yau kwana goma sha ɗaya da kika koma gidan Yaya, kuma kwana goma sha ɗaya ke nan ina auna katako sau uku, in yanka shi a karkace.

Kin tuna ranar da kika kawo mini abinci shago, ruwan sama ya tsare ki? Kika zauna kan bencin da ban gama gogewa ba, kina wasa da garin katako da yatsan ƙafa, can kika ce, "Zan faɗa maka wata magana, amma daga ni sai kai sai Allah." Ashe shekara tara kina tsayawa a sahun gaba na mawaƙan coci, littafin waƙa a buɗe a hannunki, kina juya shafi idan ta kusa da ke ta juya, alhali ko baƙi ɗaya ba ki sani ba. Duk waƙoƙin a kanki suke! Ni kaina da nake kwana ɗaki ɗaya da ke, kullum ce mini kike yi idonki na yaji, in karanta miki. Ranar nan kika kwance wannan ƙulli kika ɗora a tafin hannuna, kina kuka. Ni kuwa na dafa ƙirji na ce kabari ne kaɗai zai ji.

Wayyo, watannin nan takwas da na yi ina koya miki karatu a ɓoye! Akwai abin da ya kai su daɗi a rayuwata? Kullum da yamma in janyo ƙofar shago, in zaro fensir daga bayan kunne, mu duƙa a kan guntayen katako. Ki rubuta, ki goge da yawu, ki harare ni ki ce, "Malam, ka cika gaggawa." Idan mun tashi ki tattara guntayen cikin zane ki kai murhu, don kada wani ya gani. Ranar da kika haɗa aya guda daga farko har ƙarshe ba tare da na sa baki ba, fuskarki ta yi haske kamar gari bayan ɗaukewar ruwa.

Sai ga ranar Laraba, taron addu'a. Fasto ya tambaya ko akwai mai shaidar abin da Ubangiji ya yi masa, na ji ƙafafuna sun miƙe da ni. Na ce, "Ku taya ni godiya, matata da ba ta iya karatu ba duk shekarun nan, yau ga shi na koya mata." Aka yi tafi. Kuma bari in faɗa miki abin da ya fi ci mini rai: tafin ya yi mini daɗi. Ina cikin murmushi na ga matan sahunku suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, na ji wata ta ce, "Ashe!" Kika rufe littafin, kika ajiye shi kan benci a hankali kamar ƙwai, kika fita ba ki dubi kowa ba.

Da ma a nan na tsaya! A'a, sai da na biyo ki gida ina ɗaga murya, wai Allah na ɗaukaka. Ƙarya nake yi, masoyiyata. Kaina na ɗaukaka, na yafa wa girman kaina rigar ibada. An ce yabon kai jahilci. To a cikinmu wa ya tabbata jahili, ke da kika haddace waƙa ɗari da kunne, ko ni da na kasa riƙe magana ɗaya da baki?

Ranar Lahadi aka yi Jibin Ubangiji. Dattijon da ke rabawa ya tsaya a gabana da gurasa, ya jira, ya ƙara jira, na sunkuyar da kai har ya wuce. Da wane hannu zan karɓa, alhali wadda na ɓata wa rai tana can ba mu shirya ba? Mawaƙa suka tashi, gurbinki a sahun gaba ya zauna fayau kamar haƙorin da ya fita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na san abin da aka koya mana game da yafewa, ke ma kin sani, yanzu har kina iya karanta shi da kanki. Amma ba zan ɗauko aya in matse ki da ita ba, na riga na yi wasa da sunan Allah sau ɗaya. Fasto ya ce zai haɗo dattawa su zo biko, na roƙe shi ya bari. Taro ne ya ji miki ciwo, yaya zan sake aiko miki da taro? Na durƙusa na roƙi gafarar Almasihu, kuma na gaskata bai kore ni ba. Sai dai waɗanda suka buga masa ƙusa ba su san abin da suke yi ba, ni kuwa kafinta ne, na san ƙusa. Ko an zare ta ramin yana nan. Mukan cike shi da gam da garin katako, amma mai ido yana gani. Ban ce ki manta ba, ban kuma sa miki rana ba. Gafara kyauta ce, ban yi aikin da zan ce a biya ni da ita ba, roƙo kawai nake yi.

Ya hasken ɗakina, na taɓa yi miki alkawari cewa ranar da kika iya karatu, ni zan fara rubuto miki wasiƙa, in cika ta da kirari har ki gaji. Dubi abin da wasiƙarki ta fari a duniya ta zama! Wannan kunyar ma tawa ce.

Ga fensirina na naɗe a ciki, wanda kika ciji gindinsa. Bayan takardar nan babu rubutu. Idan zuciyarki ta sauko, ko bayan wata nawa ne, ki rubuta abin da kika ga dama, ko da kalma ɗaya ce, ko a karkace. Idan kuma kin yafe mini, wannan ce shaida mafi girma da zan taɓa samu a rayuwata, kuma ba zan tashi in bayar da ita ranar Laraba ba. Daga ni sai ke sai Allah.

Naki har ranar da za a auna mini akwatin gawata,
Malaminki mai gaggawa.