Hancin Yaya Hermien

Litinin, 14 ga Agusta

Ina sanar da duniya da duk wanda ke cikinta cewa daga bana bunsurun da ke jikin kwalbar giyarmu ta kaka zai daina kallon dama, zai koma kallon hagu. Ni kaɗai na yanke wannan hukunci, bayan dogon nazari. Na kai wa Yaya Hermien zanen tana wanke babbar tukunya. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ko sama ya kalla ba ruwanta, in dai na ɗauke ƙafata daga kan tiyo.

Haka rabon aikin yake tun da na bar koyarwa na dawo gida: ita ta dafa, ni in raɗa suna in rubuta abin da ke bayan kwalba. Hazon Safe, fara ta alkama, ta masu yawon keke a lokacin zafi. Baƙar Saniya. Doguwar Huɗuba, mai sa gyangyaɗi tun ba a kai rabin kofi ba, wadda fasto ya ce ko kaɗan sunanta bai dame shi ba, kuma yana maimaita hakan duk sanda muka haɗu. Waɗannan na kasuwa ne. Bunsuru kuwa, ja mai duhu, Baba ne ya fara dafa ta a wannan tsohon garken shanu, kuma ita ƙauyen nan ke jira ranar Lahadin farko ta Oktoba. Gobe za a ɗora ta.

Talata, 15 ga Agusta

Tururi ya cika garken har ba a ganin rufi. Ƙanshin tsiron sha'ir, kamar an buɗe tanderun burodi a cikin gajimare. Tsattsewa na shiga suna fita ta tagar sama. Na zauna kan buhu da littafi, shafi ɗaya na yini a kai.

Da can Yaya takan kifa fuskarta a kan tukunya ta rufe ido, kamar mai sauraron wani daga ƙasan rijiya. Yau ba ta yi ba. Sai ta ce, "Malam, zo ka faɗa mini me kake ji." Na ɗauka ta gane darajar ilimi ne a ƙarshe. Na yi mata jawabi.

Alhamis, 17 ga Agusta

Derk, maƙwabcinmu na kusa, ya watsa takin shanu a gonarsa. Duk yankinmu na Achterhoek ya rufe taga. Na leƙa, sai ga Yaya a tsakar gida tana shanya zannuwan gado, har da ɗan waƙe-waƙenta, iska na kaɗo mata warin kai tsaye.

Na fita na tsaya kusa da ita da hannu a hanci. Ta dube ni, ta dubi gonar, ta ajiye kwandon.

Tun zazzaɓin da ta yi a watan Maris ne, in ji ta. Ba ta jin ƙanshin komai, harshenta ma zaƙi da ɗaci kawai yake rabewa. Ta ce kamar akwai wani ɗaki a kanta da aka kashe wa fitila, tana shiga tana laluben bango. Sauran giyar ta dafa su da agogo da ma'aunin zafi, sun fito ba laifi. Bunsuru ba a dafa ta haka, Baba da hanci ya koya mata. Ta ce in ta bana ta fito ba daidai ba, za ta rufe garken, ba za ta tsiyaya wa mutane abin da ita ba ta sani ba.

Wai za ta je ta faɗa wa Derk. Al'adarmu ke nan: haihuwa, rasuwa, ciwo mai nauyi, maƙwabci na kusa ake fara gaya wa, shi kuma ya hau keke ya bi gida-gida. Na ce kada ta kuskura. Mai dafa giya ba hanci? Kafin Derk ya kai gida na uku labarin ya tsallaka iyaka ya shiga Jamus, kowa ya fara jin wari a kofinsa, ko babu. Na ce ni zan zama hancinta. Ta daɗe tana kallon nawa hancin, ba da wata ƙauna ba. Ta ce to.

Talata, 22 ga Agusta

Yisti na aiki a tanki. In ka kara kunne za ka ji kamar ana ruwan sama a wani gari mai nisa.

Asabar, 26 ga Agusta

Kullum da safe ta tsiyayo kaɗan ta miƙo mini. Da na fara da kalmomin bayan kwalba sai ta ɗaga hannu. Ta ce in daina cewa "ƙanshin kaka a bakin daji", ba ta taɓa sanin me nake nufi da shi ba. In faɗa mata wurin da ya kai ni.

Na rufe ido. Na ce soron Inna, inda take jera tuffa a kan jarida. Can kusurwa, wajen akwatin kayan sanyi.

Ta ce, "Tuffan sun nuna ko da saura?"

Na ce da saura. Ta gyaɗa kai ta tafi. Mun girma a gida ɗaya, ashe hancinmu ya ajiye ɗakuna iri ɗaya. Na yini ina yawo a gidan da aka rushe rabinsa tun ina jami'a.

Lahadi, 3 ga Satumba

Hazo kan makiyaya har ƙarfe goma. Shanun Derk ba ƙafafu, suna shawagi. Na yi mafarki ina koyar da ɗalibai Latin, kowannensu da kofi a gabansa, kuma a karon farko suna sauraro.

Riek, matar Derk, ta kawo ƙwai. Ta ce Yaya ta rame. Na ce aiki ne. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya ce ba shi ya sha madarar ba.

Laraba, 6 ga Satumba

Na yi ɓarna.

Tun Asabar nake jin wani ƙanshi mai laushi a kofin safe, na man shanu, irin biskit ɗin da Inna ke toyawa ranar bikin yara na Sinterklaas. Ya yi mini daɗi ƙwarai, na ɓoye shi a raina don in sa a bayan kwalba. Yau da rana nake karanta mata jimlar, ina jiran yabo. Ta ajiye cokali.

"Man shanu? Tun yaushe, Evert?"

In ta kira ni da sunana, ba Malam ba, to magana ta ɓaci. Ashe man shanu aibi ne a wannan giyar. Alama ce yisti bai gama share bayansa ba, ita kuma jiya ta sanyaya tankin ta kwantar da shi barci, don na ce mata komai lafiya. Ta ruga ta mayar da ɗumi, ko zai farka. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi muni. Ta ce hancina ba laifi, amma duk abin da ya shiga cikinsa sai ya sa rigar biki kafin ya fito.

Alhamis, 7 ga Satumba

Ta taga na hango ta tana tsallaka gona da takalmin roba. Ba a jima ba Derk ya fito da keke, ya sa hularsa ta zuwa coci. Na bi shi da ido yana ƙanƙancewa a kan hanyar itatuwa, ya tsaya gidan farko.

Na ce mata ta kashe mu. Ta ce in je in karanta wani abu.

Asabar, 9 ga Satumba

Sun zo da hantsi, ba wanda ya gayyace su. Derk da Riek, Aleida mai gidan kaji, tagwayen gidan niƙa da suka haura saba'in suna gaba da juna, har fasto. Ba wanda ya ce sannu da ciwo. Riek ta ajiye tukunyar miya, ta ce gishiri ya yi yawa amma ai Hermien ba za ta sani ba. Na daskare. Yaya ta yi dariya har ta dafa tanki. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin Maris.

Aka tsiyaya wa kowa kaɗan. Kwamitin ɗanɗano mafi lalacewa a tarihin Turai. Derk ya ce akwai man shanu. Aleida ta ce Derk kwana yake da shanu, ko a ruwan famfo man shanu zai ji. Ɗaya daga tagwayen ya ce ta fi ta bara zaƙi, ɗayan ya ce ta fi ɗaci, tun kafin ya kai kofin baki. Fasto ya nemi ƙari don ya tabbatar.

Yaya na tsaye tana kallon fuskokinsu, ba bakinsu take saurara ba. Daga baya ta ce mini Riek ta lashe leɓe sau biyu, wato man yana nan. A ci gaba da ɗumin.

Asabar, 16 ga Satumba

Sun dawo. Riek ba ta lashe leɓe ba. An sanyaya tanki.

Derk ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula. Ya ce shekarar da Baba ya karye a ƙugu su ne suka juya masa tukunya, yana kwance kan katifa a nan garken yana zaginsu. Ya ce, "Kai kana birni lokacin, Malam, kana koya wa yara yaren matattu."

Asabar, 23 ga Satumba

Ganye ya fara ja. Na lura masu zuwa sayen Hazon Safe ba su ragu ba. Wata daga ƙauyen gaba ta saya, ta ce a gaishe da mai hancin. Mai yiwuwa tausayi ne. Tausayi ba ya daɗewa, na karanta a wurare da yawa.

Lahadi, 1 ga Oktoba

An buɗe ganga bayan an taso daga coci. Rana mai laushi, ƙudan zuma na ƙarshe suna zagaya kofuna kamar masu neman wanda suka sani. Bisa al'ada mai dafawa ke shan kofin farko. Yaya ta tsiyaya, ta ɗaga shi a haske ta duba launin, ta miƙa wa Riek.

Riek ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta ce, "Ta ubanki ce. Ta bara ma ba ta kai ta ba, ban dai faɗa miki ba ne."

Tagwayen suka ce ba haka ba ne, su biyun, baki ɗaya. Aleida ta ce a buga ƙararrawar coci, yau sun yarda da juna.

Ni na sha nawa a gefe. Soron Inna ne, tuffan sun nuna. Ban gaya wa kowa ba sai ita. Ta rufe ido ta ɗan jima, kamar ta shiga soron.

Litinin, 2 ga Oktoba

Hancin bai dawo ba, likita ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a. Da safe na ji ta a waya tana odar sha'ir na Baƙar Saniya, ta hunturu. Ta ce in nemo benci, mutanen Asabar ba za su yi ta tsayuwa ba. Na samo biyu a rumbun makaranta, na goge su da kaina, don dai ba ni da wani aiki.

Zancen gaya wa Derk, ba ni ne da gaskiya ba. A nan kawai zan faɗa.